Hular Kawu a Gwiwar Baba Hedimasta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya. Ya rasu da hantsi a gidansa na Mafoni bayan doguwar jinyar ƙafa, kafin la'asar har an kai shi makwancinsa.

Abin da ya fara ba ni mamaki a zaman makokin shi ne yadda kowa ya riƙa taƙaita bakinsa. Mu mutanen Yerwa ba a san mu da gajeriyar gaisuwa ba. Mutum zai riƙe hannunka yana wushe, wushe, wato sannu da Barbarci, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya tambayi kasuwa, ya sake dawowa kan gida. Amma a ƙofar gidan Kawu, mai ta'aziyya zai zauna ya yi addu'a, ya buɗe baki zai ƙara wani abu, sai idonsa ya faɗa kan kujerar katako da ke gindin dalbejiya, sai ka ga ya haɗiye sauran. Akwai wani ɗan siyasar unguwarmu da ko a wajen suna sai ya yi jawabi. Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce mun yi rashin gwarzo, ya kalli kujerar, ya ce a'a, mun dai yi rashi, ya koma ya zauna. Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka kuka yake yi, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa.

A cikin gida ma haka abin yake. Inna, wadda ita ce ƙanwarsa, tana share hawaye tana cewa yau ga shi kowa ya samu 'yancin magana, amma an rasa mai ƙarfin halin yi. Mata suka fashe da dariya, sannan suka koma kuka.

Mutum ɗaya ne ya zo bai ce komai ba. Baba Hedimasta ne, tsohon abokin Kawu, Kirista daga kudancin Borno da ke zaune a Bulumkutu. Ya sauko daga keke napep, ya zauna a gefen tabarma, ya daɗe yana kallon ƙasa, ya tashi ya tafi. Shekaru ke nan rabon da su zauna tare da Kawu, saboda wata magana da zan zo kanta. Da labarin ya kai wa matar Kawu, sai ta aika aka kira ni zaure. Ta ce duk wanda ya zo ya ce ya yafe wa mamaci, amma wanda Kawu ya ɓata wa da gaske bai faɗa ba. Ta ce ita hankalinta ba zai kwanta ba sai ta ji kalmar daga bakinsa kafin a tashi daga addu'ar uku, kuma ni ne zan je in nemo ta.

Kafin in faɗi yadda muka yi, bari in faɗa wa wanda bai san Kawu ba ko wane ne shi, don kada a manta da irinsa.

Tafinta ne a kotu tsawon rayuwar aikinsa. Yakan karɓi magana daga Barbarci ya miƙa ta da Hausa, ya karɓa daga Larabcin Shuwa ya miƙa da Turanci. Ya sha faɗa mana cewa wanda ya ɗauki maganar mutane a bakinsa shekara da shekaru, dole ya san nauyin kowace ɗaya. Da ya yi ritaya bai nemi gona ba, bai buɗe shago ba. Kujerar nan ya kafa a gindin dalbejiya, da rediyo a gefe, ya shiga sana'ar da shi ya ƙirƙiro wa kansa, wato feɗe magana. In aka yi jawabi a ɗaurin aure, ko gwamnati ta yi sanarwa, ko wani ya yi dogon bayani a taron unguwa, da yamma za a taru a wajensa. Zai maimaita jawabin kusan kalma da kalma, har da inda mai maganar ya yi tari, sannan ya bi shi gaɓa-gaɓa yana nuna inda nama yake da inda kitse ya yi yawa.

A wajensa magana gida ce. Tana da zaure, wato gaisuwa da share fage. Tana da tsakar gida inda ake shimfiɗa hujja. Tana da ƙuryar ɗaki inda abin da mutum ya zo da shi yake ajiye. Yakan ce in ka ga zaure ya cika tsawo, leƙa ɗakin, da wuya ka samu kaya. In mai jawabi ya ce ba don ya yabi kansa ba, Kawu zai ce mu gyara zama, yabon na tafe. In ya ce a taƙaice, Kawu zai ce wanda bai yi alwala ba ya je ya yi ya dawo, zai tarar da shi. Ya koya mana mu lura da ɗan siyasa in ya jera za mu yi, za mu yi, za mu yi, wai ganga yake bugawa don ƙafa ta motsa kafin kai ya yi tunani. Ya koya mana mu lura da mai yin tambaya ya amsa wa kansa, don ya hana ka kawo taka amsar. Amma tambayarsa babba guda ɗaya ce, kuma ita ya fi yi wa kowa: me ka gani da idonka? In jawabi ya ƙare babu abu ɗaya da mai sauraro zai iya gani a zuciyarsa, to a wajen Kawu ba a yi magana ba.

Hukuncinsa kuma a hularsa yake. Hula ce zanna mai ruwan ƙasa da ta sha wanki. In jawabi ya lalace, a hankali zai turo ta gaba har ta rufe masa gira. In ya yi dama-dama, tana nan a tsakiyar kai. In kuwa magana ta kai masa har zuci, zai cire ta ya ɗora a gwiwa, ya bar sanƙonsa a fili. Wannan na ƙarshen ba kasafai ake ganinsa ba. A wajen taro za ka ga rabin jama'a ba mai jawabin suke kallo ba, kan Kawu suke kallo.

Ni ma na sha nawa. Ni mai sayar da bandar kifi ne, kuma da aka zaɓe ni in yi jawabi a taron ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa, na je na aro manyan kalmomi daga rediyo. Na yi maganar tattalin arziki, na yi maganar ci gaba mai ɗorewa, ina jin kaina kamar kwamishina. Da na ɗago kai, hular har ta kai hanci. Da yamma ban so zuwa gindin bishiyar ba, amma Inna ta ce in ban je ba shi zai zo. Ya kalle ni ya ce, "Ɗan ƙanwata, kai fa mai banda ne. Ka san in hayaƙi ya yi yawa, ɗaci kifi yake yi. Me ya hana ka faɗa musu yadda kwali goma suka ruɓe maka a hanya don mota ta lalace?" Na ji haushi ƙwarai, don a gaban abokaina ya faɗa. Amma a taro na gaba labarin kwalayen na bayar, kuma ranar aka amince a yi hayar mota ta haɗin gwiwa.

Wasiƙa ma ba ta tsira ba. Lokacin da yayana yake aiki a Kano, duk wasiƙar da ya aiko Inna kan kai wa Kawu, ba don ba mai karanta mata ba, sai don ta ji abin da ba a rubuta ba. Wata rana wasiƙa ta zo da gaisuwa shafi guda cur. Ya gaida Inna, ya gaida maƙwabta, ya gaida mai kawo ruwa, har akuyar gidan ya tambayi lafiyarta. Kawu ya ninke takardar ya ce wa Inna ta fara tanadin goro, yaron nan mata ya samu, kunya ce ta sa yake zagaya gida yana neman ƙofa. Wasiƙa ta gaba kuwa da sunan yarinyar ta zo.

Da zamani ya juya aka koma saƙon murya a waya, mun ɗauka sana'arsa ta mutu. Ashe kasuwa ce ta buɗe. 'Yarsa ta ƙarshe tana da manema biyu, ta rasa na zaɓa, sai ta kunna masa saƙonninsu. Na farko ya kira ta tauraruwa, ya kira ta sanyin idaniya, ya yi ta zuba har wayar ta yi zafi. Kawu ya ce wannan saƙon in an canza suna za a iya tura wa kowace yarinya a Maisandari. Na biyu gajere ne, muryar ma rawa take yi. Ya ce ya ga ta tsayar da keke napep ta sauka don wata tsohuwa ta samu wuri, ita ta ƙarasa da ƙafa, kuma tun ranar bai daina tunawa ba. Kawu ya sa aka sake kunnawa. Ya ce wannan bai iya magana ba, amma ya iya kallo, kuma magana ana koyo. Shi ne mijinta a yau, kuma shi ya fi kowa kuka a maƙabarta.

Yana da ƙa'ida da yake yawan faɗa, wai ba a feɗe mushe. In jawabi ya mutu murus, ba ya ɓata bakinsa a kansa, sai dai ya ce Allah ya kyauta ya ƙara muryar rediyo. Don haka in ya ɗauki yamma guda yana feɗe maganarka, girmamawa ce, ko da yake ba kowa ne yake jin ta a haka ba.

Baba Hedimasta ya san wannan ƙa'ida fiye da kowa, don shi ne abokin zamansa na dindindin. Tun suna samari suka haɗu, lokacin da aka turo shi koyarwa cikin gari bai iya Barbarci ko na sayen gishiri ba. Hausa ce ta haɗa su, kowa da irin karin harshensa, kowa yana yi wa ɗan uwansa dariya. Kullum da yamma zai hau keke daga Bulumkutu ya zo. Shi kaɗai ne yake iya ce wa Kawu ka yi kuskure, su yi ta musu har a kira magariba, Kawu ya tashi salla, shi kuma ya tsare masa kujera da rediyo.

Abin ya faru ne a bikin 'yar Baba Hedimasta tilo. Bayan an fito daga coci aka yi liyafa, aka ba uban amarya magana. Kawu yana zaune a sahun gaba. Baba Hedimasta ya fara gaida baƙi, bai ko gama ba muryarsa ta karye, ya yi kuka sosai, sannan ya daure ya ƙarasa abin da ya shirya. Washegari da yamma, a gaban jama'a, Kawu ya ɗauko jawabin. Ya yabi tsarinsa, ya yabi labarin da ya bayar na yadda ya koya mata hawan keke. Sannan ya ce aibi ɗaya ne, Hedimasta ya zubar da kukansa tun a zaure, da ya riƙe shi sai ƙuryar ɗaki da babu wanda zai fita da busasshen ido. Mutane suka yi dariya. Baba Hedimasta bai yi ba. Ya miƙe ya kaɗe wandonsa ya tare keke, kuma daga ranar bai sake zama a gindin dalbejiyar ba.

Ba su yi gaba irin ta ƙin gaisuwa ba. In sun haɗu a wajen biki ko jana'iza za su gaisa, amma gaisuwa ta kalma biyu, wadda a garin nan ta fi zagi zafi. Da jinyar Kawu ta yi tsanani, Baba Hedimasta ya aiko da 'yar takarda da lemo. Layi uku ne kawai. Kawu ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa, ya ce mana ya rubuta Malam, bai rubuta abokina ba, to fushi na nan. Amma ya tambayi ƙafar hagu, kuma wanda ya san wace ƙafa ce ke ciwo bai tafi da nisa ba. Ranar ya ci abinci fiye da kullum.

To wannan ne mutumin da aka aike ni wajensa. Kafin in fita na tambayi matar Kawu abin da ya daɗe yana ci mini rai. Na ce mutumin da ya san magana haka, me ya hana shi zuwa ya ba da haƙuri? Ta yi murmushi ta ce ai ya shirya ban haƙurin ya fi a ƙirga. A gabanta yake gwadawa bayan karin kumallo. Zai fara, sai ya tsaya ya ce zauren ya yi tsawo. Ya sake, ya ce in na ɓata maka, sai ya ce a'a, wanda ya sa kalmar "in" a ban haƙuri bai amsa laifi ba. Ya sake, ya ce wannan kuma ya cika daɗin baki, Hedimasta zai gane an shirya shi. Haka ya yi ta feɗe kansa har ƙafa ta hana shi fita.

Na samu Baba Hedimasta a barandarsa yana ba kaji dawa. Ya karɓe ni da kyau, ya sa aka kawo ruwa. Na fara da cewa ai ya san Kawu ba ya feɗe mushe. Ya ɗaga mini hannu.

"Ɗana, ni zan koya maka wannan. Na san ya girmama jawabin. Amma ranar ba jawabi na yi ba. 'Yata ce ta tafi, uwarta kuma ba ta raye ta gani. Shi ya ji tsari, ni kuwa ciwo nake ji."

Gaskiya ya faɗa. Sai kawai na ba shi labarin gwajin ban haƙurin yadda matar Kawu ta ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Da na zo wajen in na ɓata maka, sai ya ajiye kwanon dawar. Ya fara dariya a hankali, ta yi ta ƙaruwa har ya riƙe ciki, kajin suka watse. Ya ce wannan mutumin, wannan mutumin, wato har kansa bai ƙyale ba. Ya cire tabarau ya goge ido. Na tambaye shi ko in koma in ce ya yafe. Ya ce a'a, ba ta bakin ɗan aike za a ji ba, kuma bai ce mini zai zo ba. Na koma gida ban san me zan faɗa wa matar Kawu ba, na ce mata dai ya yi dariya.

Ranar addu'ar uku da safe layin ya cika har bakin titi. Aka yi karatu, aka shafa, aka raba sadaka. Babban ɗan Kawu ya miƙe ya yi godiya a gajarce, ya roƙi duk wanda mahaifinsu ya ɓata wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa da sun yafe. Ni idona na kan hanya. Mata sun taru a bakin zaure daga ciki, ina hango gefen mayafin matar Kawu. Har mutane sun fara neman takalma sai ga keke ya tsaya.

Baba Hedimasta ya sauko da sandarsa, ya nemi izinin Liman, ya tsaya kusa da kujerar. Bai gaida manyan baƙi ba, bai share fage ba.

Ya ce, "Ranar da aka binne matata, mutumin nan ya zo coci. Bai shiga ba, ya zauna a kan benci a waje, cikin rana, taga na buɗe yana jin komai. Mai wa'azin ranar ya daɗe, ya maimaita kansa, ya ce a taƙaice har sau nawa. Da aka fito na kalli hularsa, tana nan inda take. Ya raka ni gida, ya zauna da ni har yamma, bai ce uffan a kan wa'azin ba. Ku da kuka san shi, kun san abin da wannan shirun ya ci masa."

Dariya ta tashi ƙasa-ƙasa, har da Liman. Ya jira ta lafa. Ya ce wannan shi ne abin da ya gani da idonsa, kuma ya riƙe rana ɗaya ta ɓacin rai ya bar wannan ranar ta kwanta, wanda bai kamata ba. Sannan ya juya ya fuskanci kujerar, ya dafa ta.

"Malam, ka gani, yau na riƙe shi har ƙuryar ɗaki. Na yafe maka. Ni ma ka yafe mini."

A nan kukan ya zo masa, kuma kamar yadda Kawu ya faɗa tun wancan lokaci, babu wanda ya tashi da busasshen ido. Ni kaina ina kuka ina jin wani irin daɗi da ban taɓa ji a gidan makoki ba. Aka zaunar da shi a kan kujerar, wadda tun rasuwar ba wanda ya yarda ya hau.

Sai na ji ana kirana daga zaure. Matar Kawu ce, fuskarta jiƙe, tana murmushi. Ta miƙo mini hular nan mai ruwan ƙasa, kuma ban buƙaci bayani ba. Na ratsa cikin jama'a na durƙusa na ɗora ta a gwiwar Baba Hedimasta. Duk wanda ke nan ya san ma'anarta. Ya daɗe yana kallonta, ya shafa ta da tafin hannu, sannan ya ɗago ya ce mini a hankali, shekara arba'in yana neman wannan hukuncin, sai da mutumin ya tabbatar ba za a yi masa musu ba sannan ya bayar.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da harshensa ya yi wa mutane, ya saka masa da abin da ya koya wa kunnuwanmu. Hular tana Bulumkutu yanzu. Baba Hedimasta kuwa ya dawo hawan keke da yamma, kuma in ka zo gindin dalbejiya da jawabinka, ka zo da abin da ka gani da idonka.